Mutanen Tawos da Shuɗin Tabki

Yara, karatunmu na yau zai kai mu nesa, ƙetaren babban teku, cikin ƙasar Amurka. Za mu karanta labarin wani ƙaramin gari na manoma da a ke kira Tawos. A shekarar 1906 gwamnati ta karɓe wa mutanen garin tabkinsu da dajin da ya kewaye shi. Ba su da soja, ba su da dukiya mai yawa, kuma yawansu bai kai na babbar unguwa guda ta Maraɗi ba. Duk da haka sun yi shekara 64 suna neman abinsu har suka same shi. Darasin kashi biyu ne, kowane kashi da tambayoyinsa.

KASHI NA FARKO

1. Garin Tawos

Ku duba taswirar duniya. Ku sa yatsa bisa Nijar, ku yi yamma, ku ƙetare tekun Atlantika, sai ga Amurka. A kudu maso yammacin ƙasar akwai wata jiha mai suna Niyu Meksiko. Ƙasa ce ta duwatsu, ruwan sama bai da yawa. A arewacin jihar, gindin waɗansu manyan duwatsu, nan garin Tawos ya ke.

Mutanen Tawos ƴan asalin ƙasar ne. Kakanninsu suna zaune a wurin tun Bature bai san da wannan nahiya ba. Sa'ad da Kiristofa Kolombo ya isa tsibiran nahiyar a 1492, ya yi zaton Indiya ya sauka. Shi ya sa Turawa suka riƙa kiran duk mutanen da suka tarar Indiyawa. Amma kowace al'umma tana da sunanta da harshenta. Harshen mutanen Tawos sunansa Tiwa.

Da ɗayanku zai je Tawos, da ginin garin bai ba shi mamaki ƙwarai ba. Gidajensu na ƙasa ne. A kan kwaɓa laka da ciyawa, a yi tubali, a shanya a rana, kana a yi gini. A kan jera itace bisa bango, a zuba ƙasa, kamar yadda mu ke rufin soro. Sai dai su, ɗaki bisa ɗaki su ke yi, har hawa biyar. A zamanin da, ɗakunan ƙasa ba su da ƙofa. Da tsani a ke hawa, a shiga ta bisa. In abokan gaba suka taso, sai a janye tsani. Kowace shekara a kan yi wa bango sabon yaɓe. Masana sun ce an gina manyan gidajen tsakanin shekarar 1000 da 1450, kuma har yau da mutane a cikinsu.

Suna noman masara da wake da kabewa. Suna farauta, suna kiwon dawaki. Da ya ke ruwan sama ba ya isa, noman ban ruwa su ke yi. Wata ƙorama ce ta ratsa tsakiyar garin, ta raba shi biyu, gidajen arewa da gidajen kudu. Ruwanta su ke sha, da shi su ke girki, shi su ke ja cikin gonaki. To, daga ina ruwan ya ke fitowa?

2. Shuɗin Tabki

In ka bi ƙoramar ka yi ta hawan dutse, tafiyar kimanin kilomita 30, za ka tarad da wani ɗan tabki cikin kurmin dogayen itatuwa. Wurin ya fi mita 3,000 bisa teku. Lokacin sanyi ƙanƙara ta kan rufe duwatsun fari fat. In zafi ya zo sai ta narke, ruwa ya taru a tabki da maɓuɓɓugai, ya gangaro gari. Ruwan tabkin garau ne, yana da zurfi, launinsa kamar na baba. Saboda haka a ke ce masa Shuɗin Tabki.

Mutanen Tawos suna da addinin da suka gada daga kakanninsu. Da yawa daga cikinsu kuma suna zuwa majami'ar Katolika, amma ba su bar na gado ba. A imaninsu, daga wannan tabki kakanninsu na farko suka fito, kuma can rayukan matattunsu su ke komawa. Kowace shekara, ƙarshen watan Agusta, su kan tashi maza da mata, waɗansu a ƙasa, waɗansu bisa dawaki, su hau zuwa tabkin su yi ibadarsu. Baƙo ba ya zuwa, ba ya kallo.

Ku lura da kyau: a wurinsu dajin duka ne mai tsarki. Akwai wuraren ibada da yawa warwatse a cikinsa, bakin maɓuɓɓugai da gindin duwatsu. Can su ke samo saiwoyin magani da abubuwan da su ke aiki da su wajen bukukuwa. Can a ke kai samari a koya musu al'adun gari. Wanda ya riƙe dajin nan, ya riƙe ruwan shan garin, ya kuma riƙe ibadarsa.

3. Zuwan baƙi

Turawan Sipaniya suka fara isowa Tawos a 1540. Bayan shekaru suka kafa mulki a ƙasar. Suka aza wa mutane harajin masara da tufafi, suka sa su aikin tilas, suka hana su addininsu. Wahala ta yi yawa.

Tawos ba shi kaɗai ba ne. Akwai waɗansu garuruwa masu irin gininsa da irin zamansa, waɗanda Turawan suka kira Fuwebulo, wato garuruwa. Wani mutum mai suna Popé ya zauna a Tawos, ya shirya tawaye a ɓoye. Ya aika da ƴan gudu gari gari, kowane da igiya mai ƙulli. Kowace safiya a kwance ƙulli ɗaya, ranar da ƙulli ya ƙare ita ce ranar tashi. A 1680 garuruwan suka tashi tare, suka kori Turawan. Shekara 12 suka yi babu mai mulkinsu. A 1692 Turawan suka komo, amma daga nan suka rage matsi, suka kuma yarda kowane gari yana da ƙasarsa.

A 1821 ƙasar ta koma hannun Meksiko. A 1848, bayan yaƙi, ta koma hannun Amurka. Masu mulki uku ke nan suka bi juna. A duk tsawon wannan lokaci mutanen Tawos suna hawa tabkinsu kowace shekara.

4. Yadda tabkin ya fita hannunsu

A 1906 shugaban Amurka, Tiyodo Ruzbelt, ya sa hannu ga wata takarda. Takardar ta mai da duwatsun Tawos gandun daji na gwamnati, har da Shuɗin Tabki. Ba a biya mutanen garin ko tamma ba. Bayan shekara biyu aka haɗa wurin cikin wani babban gandu mai suna Karson.

Kun san gandun daji. A ƙasarmu ma, zamanin mulkin mallaka, Faransawa sun keɓe waɗansu dazuzzuka, suka hana sara da kiwo sai da izini. Tsare itatuwa abu ne mai kyau. Da farko waɗansu mutanen Tawos ma sun yi zaton dokar za ta tsare musu dajin daga baƙi masu cin iyaka.

Ba haka abin ya zama ba. Ga ma'aikatar gandun daji, dajin na kowa ne. Aka share hanyoyi. Aka ba waɗansu makiyaya izini su shigo da dabbobinsu. Aka zuba kifi cikin tabkin don masu kamun kifi. Aka gina ɗan ɗaki kusa da shi. Ƴan yawon buɗe ido suka riƙa kwana a bakin ruwa, su tafi su bar gwangwanaye da kwalabe. Masu sana'ar katako suka sa ido ga manyan itatuwa. Mutanen da suka gaji wurin kaka da kakanni suka zama sai sun nemi izini kafin su yi ibada su kaɗai.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa garin Tawos ya ke? A wace jiha?
2. Ku faɗi abu uku da ginin Tawos ya yi kama da namu, da abu ɗaya da ya bambanta.
3. Don me mutanen Tawos su ke girmama Shuɗin Tabki? Ku kawo dalili biyu.
4. Mene ne amfanin igiya mai ƙulli a tawayen 1680?
5. Me ya faru a 1906?

KASHI NA BIYU

5. Yadda garin ya shirya

Wanda aka ƙwace wa abu, in shi kaɗai ne, kuka zai yi ya gaji. Mutanen Tawos ba su tsaya ga kuka ba. Abu huɗu suka yi.

Na farko, suka yi magana da baki ɗaya. Garin yana da majalisar dattawa. Kowace shekara a kan naɗa gwamna, wato mai gari, mai kula da sha'anin cikin gari. A kan naɗa sarkin yaƙi, mai kula da daji da iyakoki. Akwai kuma babban shugaban addini, shi ba a sauke shi sai mutuwa. Duk maganar da za a kai wa gwamnati sai ta bi ta majalisa. Gwamna ya kan sauka, wani ya hau, amma maganar ba ta sakewa: a mayar mana da tabkinmu da dajinsa.

Na biyu, suka haɗa kai da ƴan'uwansu. A 1922 aka kawo wata doka gaban majalisar dokokin Amurka, wadda za ta bar wa baƙi gonakin da suka mamaye a ƙasar Fuwebulo. Sai wakilan garuruwan suka taru a garin Santo Domingo, suka rubuta takardar kuka zuwa ga jama'ar Amurka, suka aika da wakilai Washinton, babban birnin ƙasar. Dokar ta faɗi. Daga nan suka gane, takarda da taro suna iya abin da kibiya ba ta iyawa.

Na uku, suka yi amfani da ƴaƴansu da suka yi makaranta. Dattawan garin da harshen Tiwa su ke magana, gwamnati kuwa da Ingilishi. Bayan yaƙin duniya na biyu, wani saurayi mai suna Pol Bernal ya komo gida daga aikin sojan ruwa. Ya iya Tiwa, ya iya Ingilishi. Majalisa ta sa shi tafinta, daga baya ya zama magatakardanta. In dattijo irin su Seberino Martinez ya tashi ya yi magana gaban manyan gwamnati, Bernal ne ke juya ta. In takarda ta zo daga Washinton, shi ke karanta wa dattawa, ya bayyana musu abin da ke ciki, ya rubuta amsar da suka yanke. Ya yi fiye da shekara 20 yana wannan aiki. Ku da ku ke koyon Hausa da Faransanci tare, ku tuna da shi.

Na huɗu, suka nemi abokai. Akwai wata ƙungiya ta masu taimakon ƴan asalin ƙasa, wadda marubuci Oliba La Farj ya shugabanta. Ta taimake su da lauyoyi da shawara. La Farj ya mutu a 1963, bai ga ƙarshen maganar ba, waɗansu suka ɗora daga inda ya tsaya. Babbar ƙungiyar majami'u ta Amurka ta goyi bayansu. Jaridu suka yi rubutu. Talakawa daga jihohi masu nisa, waɗanda ba su taɓa ganin Tawos ba, suka riƙa aika wa ƴan majalisarsu wasiƙu.

6. Kuɗi ko ƙasa

A 1924 aka kafa wata hukuma don ta binciki gonakin da baƙi suka cinye. Hukumar ta ga cewa garin da baƙi suka gina kusa da Tawos, bisa ƙasar mutanen Tawos ya ke. Diyyar ta kai kusan dala 300,000. Dalar Amurka a ke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kuɗi ne mai yawan gaske a lokacin, mutanen kuwa talakawa ne. A 1926 dattawa suka ce sun yafe kuɗin, in dai za a mayar musu da Shuɗin Tabki. Hukumar ba ta da ikon ba da tabki. Suka tashi ba kuɗi, ba tabki.

A 1933 majalisar dokoki ta yarda a ba su takardar izinin amfani da wani yanki na dajin. Sai 1940 takardar ta fito, ta shekara 50. Amma izini daban, mallaka daban. Dajin yana nan hannun ma'aikatar gandun daji. Kwana uku ne kawai cikin watan Agusta a ke hana baƙi zuwa tabkin. Sauran kwanakin shekara, baƙo mai takarda yana iya shiga.

A 1946 gwamnati ta kafa wata kotu ta musamman don sauraron ƙarar ƴan asalin ƙasa da aka ƙwace wa ƙasarsu. Mutanen Tawos suka kai ƙara a 1951. Suka jira shekara 14. A 1965 kotun ta yanke hukunci: ƙasar tasu ce, kuma an karɓe ta ba bisa gaskiya ba. Sai dai dokar da ta kafa kotun ta ce kuɗi kawai za ta iya bayarwa, ba ta mayar da ƙasa.

Al'ummomi da yawa sun karɓi kuɗi, don ba su ga wata hanya ba. Mutanen Tawos suka ƙi. Dalilinsu a fili ya ke. Wanda ya karɓi kuɗin abu ya sayar da shi ke nan, ba ya da sauran magana. Kuɗi kuma ya kan ƙare cikin shekaru kaɗan, alhali jikokin jikoki za su bukaci ruwa da wurin ibada. Suka ɗauki hukuncin kotun ya zama shaidarsu, suka nufi majalisar dokoki, don ita kaɗai ke da ikon mayar da ƙasa.

7. Gardama a majalisa

Majalisar dokokin Amurka zaure biyu ce: majalisar wakilai, irin waɗanda mu ke kira dipite, da majalisar dattijai. Doka ba ta zama doka sai zauren biyu sun yarda, shugaban ƙasa ya sa hannu. Majalisar wakilai ta yarda a 1968, ta sake yarda a 1969. A majalisar dattijai maganar ta cije.

Babban mai hanawa shi ne Kilinton Andason, ɗan majalisar dattijai daga jihar Niyu Meksiko kanta. Shi da masu ra'ayinsa suna da nasu dalilai. Sun ce in aka ba Tawos ƙasa, sauran al'ummomi duka za su taso su ce a ba su tasu. Sun ce manoman da ke ƙasa da garin su ma da ruwan duwatsun su ke noma, bai kamata a danƙa shi ga gari ɗaya ba. Waɗansu suka ce addini hujja ce kawai, kiwo da katako mutanen ke so. Andason ya ce a ba su ɗan yanki kewayen tabkin, sauran daji ya zauna hannun gwamnati.

Dattawa suka ƙi ɗan yankin, domin wuraren ibadarsu ba bakin tabki kaɗai su ke ba. Sai ƴan majalisa suka ce: to, ku nuna mana wuraren, ku gaya mana abin da ku ke yi a can. Nan ne wahala ta fi tsanani. Addinin Tawos na asiri ne. Ba a gaya wa baƙo, ko ɗan gari ma sai an koya masa a hankali. In sun faɗa, sun karya abin da su ke neman tsarewa. In sun yi shiru, a ce ba su da hujja.

Ba su tona asirin ba. Suka kwatanta wa ƴan majalisa da abin da suka sani. Suka ce dajin nan shi ne majami'arsu, sai dai ba ta da bango, ba ta da rufi. Ba mai yarda a kafa zango cikin ɗakin ibadarsa, a ci abinci a zubar da shara. Game da katako kuwa, suka yarda a rubuta cikin doka cewa za a bar dajin yadda Allah ya yi shi, ba za a sare shi don sayarwa ba. Wannan ya kashe bakin masu cewa dukiya su ke nema.

8. Shekarar 1970

A 1970 babban shugaban addini na garin shi ne Huwan Romero. Shekarunsa wajen 90. Bisa al'ada, mai wannan matsayi ba ya shiga sha'anin gwamnati. Amma da ya ga shekaru suna wucewa, tsofaffi suna ƙarewa, sai ya yi doguwar tafiya zuwa Washinton da kansa. Ya yi magana da Tiwa gaban ƴan majalisa, Bernal yana fassarawa. Sa'ad da aka karɓe tabkin, Romero saurayi ne. Ga shi yanzu tsoho tukuf, maganar da ya zo da ita kuwa ita ce ta iyayensa.

Ran 8 ga watan Yuli 1970 shugaban ƙasa Rica Niksan ya karɓi wakilan Tawos, ya kuma gaya wa majalisa cewa yana goyon bayan a mayar musu da ƙasarsu. Ran 2 ga watan Disamba majalisar dattijai ta jefa ƙuri'a. Mutum 70 suka yarda, 12 suka ƙi. Ran 15 ga watan Disamba 1970 Niksan ya sa hannu, Romero da Bernal suna wurin. Aka mayar wa Tawos Shuɗin Tabki da daji mai faɗin kimanin hekta 19,400. Gwamnati ce ke riƙe da takardar ƙasar amana da sunan garin, amma mutanen Tawos kaɗai ke da ikon amfani da ita.

Da yawa daga waɗanda suka fara neman tabkin sun mutu ba su ga wannan rana ba. Ƴaƴansu da jikokinsu ne suka gan ta.

9. Abin da ya biyo baya

Masu hanawa sun ce sauran al'ummomi za su taso. Sun kuwa taso. A 1972 aka mayar wa al'ummar Yakama wani yanki na dutsensu mai tsarki. A 1975 aka mayar wa al'ummar Habasufai ƙasa mai faɗi kusa da babban kwazazzabon kogin Kolorado. A 1978 majalisa ta yi doka ta girmama addinin ƴan asalin ƙasa. Amma ba kowa ya dace ba. A 1980 kotun ƙoli ta ce a biya al'ummar Lakota da ƴan'uwansu fiye da dala miliyan 100 saboda Baƙaƙen Duwatsu da aka ƙwace musu. Sun ƙi karɓar kuɗin, duwatsun kuma ba a mayar musu ba.

A Tawos, a 1996 aka ƙara mayar musu da kimanin hekta 300, inda hanyar hawa tabkin ta bi. A 1992 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya, kamar yadda ta sa tsohon garin Agadas a 2013. Baƙi suna zuwa kallon gidajen. Cikin tsohon garin ba a ja wutar lantarki ba, ba a sa famfo ba, don haka dattawa suka so. Ƙoramar tana nan tana gudu tsakiyar gari. Shuɗin Tabki kuwa a rufe ya ke ga kowane baƙo, kuma kowane watan Agusta mutanen Tawos su kan hau su yi ibadarsu su kaɗai.

Ma'anar kalmomi

Ƴan asalin ƙasa: mutanen da kakanninsu ke zaune a wuri tun kafin zuwan baƙi masu mulki.
Gandun daji: dajin da gwamnati ta keɓe, ta sa masa dokoki.
Maɓuɓɓuga: wurin da ruwa ke fitowa daga ƙasa ko daga dutse.
Diyya: abin da a ke biyan mutum saboda hasarar da aka ja masa.
Tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani.
Magatakarda: mai rubuta wa sarki ko majalisa takardu.
Ƙuri'a: hanyar da kowa ke nuna ya yarda ko bai yarda ba, kana a ƙidaya.
Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

Tambayoyi

1. Ku faɗi abu huɗu da mutanen Tawos suka yi don su sami tabkinsu.
2. Wane aiki Pol Bernal ya yi? Me ya sa ya iya yin sa?
3. Mene ne bambancin izini da mallaka?
4. Don me dattawa suka ƙi kuɗi a 1965?
5. Waɗanne dalilai masu hanawa suka kawo? Wanne ku ka ga ya fi ƙarfi? Yaya dattawa suka amsa?
6. Don me dattawa ba su iya gaya wa ƴan majalisa abin da su ke yi a tabkin ba?
7. Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wane wuri cikin labarin ku ka ga haka?

Lissafi

1. An karɓe tabkin a 1906, an mayar da shi a 1970. Shekara nawa ke nan?
2. Mutum 70 suka yarda, 12 suka ƙi. Mutum nawa suka jefa ƙuri'a? Da ƙuri'a nawa masu yarda suka fi?
3. In manomi guda yana noma hekta 4, gonar manomi nawa za ta cika hekta 19,400?

Aiki

1. Ku zana ƙoramar Tawos a cikin kayenku, tun daga tabki har gonaki. Ku nuna gidajen arewa da na kudu.
2. Ku jera waɗannan shekaru bisa layi ɗaya, ku rubuta abin da ya faru a kowace: 1540, 1680, 1848, 1906, 1926, 1965, 1970.
3. Ku nemi sunan waɗannan abubuwa da Faransanci: tabki, daji, dutse, doka, majalisa.
4. Mutanen Madarunfa suna girmama tabkinsu da kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi. A garinku fa? Ku tambayi kaka ko wani dattijo: akwai itace, ko rijiya, ko dutse, ko maƙabarta da a ke girmamawa? Wa ke kula da wurin? Me aka hana yi a can? Ku gaishe shi da ladabi kafin ku yi tambaya. In ya ce akwai abin da ba a faɗa, kada ku matsa masa. Ku rubuta abin da ya gaya muku cikin layi 10, ku kawo aji.